Daga Garu Zuwa Yalwawa: Saukowar Dutse Da Halin Makarantunmu

 

Shugabannin wannan ƙungiya tamu mai albarka sun nemi in rubuta wani abu game da tarihin Yalwawa domin mujallar bana, musamman saboda 'yan uwanmu da aikin gwamnati ko fatauci ya kai su Kano da Kaduna da Abuja da Legas, waɗanda 'ya'yansu da dama ba su san gida ba sai a ranakun salla. Na amsa wannan kira da farin ciki, domin Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Sai dai Yalwawa reshe ce, kuma ba a bayanin reshe a bar gindi. Saboda haka zan faro daga Garu, in biyo garin Dutse yana saukowa daga kan duwatsu zuwa kwari, in nuna wani abu da na daɗe ina lura da shi a shekaru 35 da na yi da alli a hannu, wato a kowane mataki na wannan saukowa gidaje ne ke riga makaranta isa wurin, ita kuwa sai ta iso a makare ta tarar an rabe fili.

Zaman Kan Dutse

Duk wanda ya baro Shuwarin ya doshi gari, abin da zai fara yi masa maraba shi ne duwatsun nan da suka ba garin sunansa, da itatuwan dabino a ƙarƙashinsu. Labarin da muka gada daga bakin dattawa ya ce wani maharbi ne mai suna Duna Magu ya fara zama a nan saboda yawan namun daji, musamman gada, kuma daga nan ne aka sami laƙabin Dutse Gadawur. Wannan labarin baka ne. Amma a rubuce ma sunan garin tsoho ne ƙwarai, domin littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci Dutse tun zamanin Sarkin Kano Abdullahi Burja, wanda ya yi mulki daga 1438 zuwa 1452, inda ya nuna ya kawo yaƙi nan, ya kuma auri 'yar Sarkin Dutse. Sarki ba ya neman auren 'yar wanda bai isa ba, ashe ke nan tun a wancan ƙarni garin yana da sarauta da ƙarfin da ake lissafi da su.

Littafin ya sake ambaton Dutse a zamanin Sarkin Kano Kumbari, wanda ya yi sarauta daga 1731 zuwa 1743. A lokacin wani jarumi mai suna Ada ke riƙe da garin, ya ƙi bin Kano, har Kumbari ya taso da kansa, aka gwabza, ya kusa shiga garin amma ya juya bai shiga ba. Wannan Ada ne ake jingina wa ƙarfafa ganuwar da ta kewaye mazaunin sarauta, sunan Garu kansa kuwa ya isa shaida. Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wajen shekarar 1807, sarauta ta koma hannun shugabannin Fulani biyu, Salihi da Musa, na dangin Yalligawa da Jalligawa. Salihi ya fara, Musa ya gaje shi, zuriyarsu suka ci gaba da riƙon ƙasar a ƙarƙashin Sarkin Kano.

Abin da ya kamata matasanmu su fahimta shi ne dalilin da ya sa kakanninmu suka maƙale a tsakanin duwatsu alhali ga ƙasar noma shimfiɗe a ƙasa. Tsoro ne ya sa. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 Ningawa sun addabi kudu maso gabashin ƙasar Kano da hare-hare, suna kwashe mutane da dabbobi, sannan ga Yaƙin Basasar Kano na 1893 zuwa 1894, wanda Yusufawa suka kafa sansaninsu a Takai, nan kusa da mu. A irin wannan zamani manomi yakan sauko gona da hantsi, ya koma bayan ganuwa kafin almuru. Kwarin nan da muke gine-gine a cikinsa yau wurin nema ne a wancan lokaci, kwana kuwa sai a sama.

Ilmi a wancan zamani yana zaure. Yaro ya tashi da allo da tawada a gaban alaramma, in ya sauke ya shiga littattafai a wajen malaman gari, in kuma yana da himma ya yi gabas neman tilawa. Makarantar allo ba ta bukatar fili, zauren malam da inuwar bishiya da wutar kara da daddare sun wadatar. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan magana, domin za mu dawo kanta. Al'ummar da ta yi shekaru ɗaruruwa tana karatu a zaure ba ta saba da tunanin ware wa makaranta eka guda ba.

Bayan Zuwan Turawa

Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903. Ko me za a faɗa game da mulkinsu, kuma akwai abin faɗa da yawa, hare-hare sun tsaya, mutane suka fara amincewa su kwana kusa da gonakinsu. Daga nan ne ƙauyuka da unguwannin ƙasan dutse suka fara kumbura. Sarkin Dutse ya zama ɗaya daga cikin hakiman En'e ta Kano, haraji da jangali suna tafiya birni.

Duk da haka garin bai yi girman da ya kamace shi ba, kuma dalilin a bayyane yake. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kuma ja reshensa zuwa Nguru wajen 1930, ya bi ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori. Can kuɗin gyaɗa ya bi, can kantunan Turawa da Kwara suka kafu. Dutse ta zauna a gefe da dabinonta da gerenta da dawarta. Ko da aka zo zancen makarantar gaba da firamare, Birnin Kudu ce ta samu. Makarantar boko ta farko a Kano, wadda Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa a 1909, ta 'ya'yan sarakuna da malamai ce, an kuma ɗauki shekaru masu yawa kafin elemantare ta bazu zuwa garuruwan hakimai.

Mu da muka shiga firamare a ƙarshen shekarun 1960, jim kaɗan bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967 aka ba Audu Baƙo riƙonta, mun tarar da sauran wancan hali. Ba iyaye ke kai yaro makaranta ba, mai unguwa ne ke zuwa da takarda daga dagaci a ce gidan wane a ba da yaro ɗaya. Uwa takan ɓoye ɗanta a rumbu, ko a tura shi wajen dangi a wani ƙauye har kurar ta lafa. Wanda aka kama, kuka ake yi masa kamar an yi rashi. Abin dariya, kuma abin tunani, da yawa daga cikin manyan ma'aikatan da wannan ƙasa ta yi alfahari da su daga baya, irin yaran nan ne da ba a sami wurin ɓoye su ba. A lokacin shekara bakwai ake yi a firamare, aji bai cika cika ba, kowane yaro malam ya san shi ya san ubansa. Makaranta kuwa a bayan gari ake kafa ta, a ba ta fili har ya yi mata yawa, saboda ƙasa ba ta da tsada kuma ba mai son maƙwabtaka da boko.

Guguwar 1976

Shekarar 1976 ta kawo abu biyu a lokaci guda. An yi gyaran ƙananan hukumomi, Dutse ta zama hedikwatar ƙaramar hukuma, mulkin En'e ya kau. A watan Satumba kuma gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, wanda aka fi sani da UPE. Masu tsara shirin sun yi tsammanin yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya a faɗin ƙasa, sai kimanin miliyan 3 suka bayyana. Babu azuzuwan da za su ɗauke su, babu malamai.

A wannan guguwa ce aka kwashe mu zuwa kwalejojin horon malamai, ni aka kai ni Wudil, aka ce mu yi sauri mu sami takardar malanta mai daraja ta biyu domin ana jiran mu. Da muka fita koyon aiki mun tarar da azuzuwan zana da na gindin bishiya, allo a jingine da kututture, yara a zaune kan duwatsu da buhunan da suka zo da su daga gida. An kuma ɗauki waɗanda suka gama firamare kawai aka ba su alli. Mutane sukan zagi UPE su ce ita ta karya ilmi. Ni ban yarda da wannan hukunci gaba ɗayansa ba. Gaskiya ne an yi gaggawa, inganci ya faɗi, amma ita ce ta kai makaranta ƙauyukan da ba su taɓa ganin ta ba, ita ce kuma ta fara shigar da 'ya'ya mata aji da yawa. Mafi yawan masu karanta wannan mujalla a birane 'ya'yan UPE ne ko ƙannensu. Kuma akwai wani alheri nata da ba a cika ambata ba: yawancin filayen makarantun gwamnati da muke taƙama da su yau a ƙasar Dutse a wancan lokaci aka yanke su, sa'ad da dagaci zai iya nuna gona da sandarsa ya ce daga nan zuwa can na makaranta ne, mai gona ya ce ya bayar saboda Allah.

Sai dai baiwar baka ce. Ba a auna ba, ba a kafa duwatsun iyaka ba, ba a rubuta ba. A 1978 aka yi dokar mallakar ƙasa wadda ta danƙa filayen birane a hannun gwamna, ta sa takarda ta fi shaidar dattawa ƙarfi, amma ba wanda ya tuna ya nema wa makarantun nan takarda, domin a lokacin ba wanda ya zaci wata rana za a yi rigima a kan ƙasar Dutse.

Ta fuskar sarauta ma an yi 'yar girgiza. A 1981 Gwamna Abubakar Rimi ya ɗaga Dutse ta zama masarauta mai cin gashin kanta, tare da wasu irin su Gaya da Rano, a zamanin Sarki Abdullahi Maikano. A 1983 Gwamna Sabo Bakin Zuwo ya soke wannan tsari, aka koma gidan jiya.

Ranar 27 Ga Agusta, 1991

A wannan rana ce Janar Ibrahim Babangida ya sanar da ƙirƙiro Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano, ya kuma ambaci Dutse a matsayin babban birninta. Mutane da yawa sun zaci Haɗeja za a ba, saboda girmanta. Mu kanmu mun yi murna haɗe da mamaki, domin garin da aka ce ya karɓi gwamnati sukutum ba shi da gidajen saukar ko da kashi ɗaya cikin goma na ma'aikatanta. Kanar Olayinka Sule ya zo ya fara aiki a gine-ginen aro. Masarauta ta dawo, Alhaji Muhammadu Sanusi ya zama Sarkin Dutse mai cikakken iko, ƙasar masarautar a yau ta haɗa ƙananan hukumomi 7, wato Dutse da Kiyawa da Birnin Kudu da Buji da Gwaram da Jahun da Miga. Bayan rasuwarsa a 1995 ɗansa Alhaji Nuhu Muhammadu Sanusi ya gaje shi, ya yi shekara 28 a kan karaga har Allah ya karɓi abinsa a watan Janairu na 2023, aka naɗa ɗansa Alhaji Hamim. Allah ya jiƙan magabata, ya taya mai ci riƙo.

Waɗanda suka ga shekarun farko na jihar ba za su manta ba. Ma'aikata sukan taho daga Kano ranar Litinin da safe, su kwana a ofis ko a shagon aboki ko a ɗakin da mutum biyar suka haɗa kuɗi suka kama, ranar Juma'a kafin la'asar gari ya yi tsit. Iyalansu suna Kano, 'ya'yansu suna makarantun Kano. Wannan ya ɓoye mana matsalar da ke tafe, domin an ga manya sun ƙaru ba a ga yara ba. Gwamnati ta shiga gina rukunin gidaje, aka sami irin su Gida Dubu da Takur, amma ƙaramin ma'aikaci da direba da masinja da birkila da mai shayi da ɗan acaɓa, waɗanda su ne mafi yawan baƙin, ba su da rabo a kwatas. Su ne suka nufo unguwanni irin tamu.

Duk Bahaushen da ya ji sunan Yalwawa ya san daga yalwa aka samo shi, kuma a wancan lokaci sunan ya dace da wurin. Akwai sarari, akwai gonaki a kewaye, ga kusanci da cikin gari, ga mutanen da ba sa ƙyamar baƙo. Mai gida ya fara da gyara zaure ya ba da haya, ya ga kuɗi, ya ja ɗakuna biyu a bayan gida. Daga nan dillalai suka shigo. Gonar da aka gada kaka da kakanni aka yanka ta fuloti-fuloti da awon igiya, aka bar lungun da mota ɗaya za ta bi da ƙyar, wani wurin ma ba a bari ba. Ban ga laifin mai gona ba, domin an nuna masa kuɗin da noman shekara goma ba zai ba shi ba, ga aurar da 'ya'ya, ga kujerar Makka. Amma a cikin wannan yanka duka ba a ce ga na makaranta ba, ba a ce ga na asibiti ba, ba a bar wa ruwa hanyarsa ba. Masallaci kaɗai ke samun mai tuna shi, shi ma don mai bayarwa yana ganin ladansa a fili. Ruwan da ke gangarowa daga duwatsu kuwa bai san an sayar da hanyarsa ba, shi ya sa duk damina mai ƙarfi sai an kwana ana kwalfe ɗakuna.

Daga 1999 zuwa 2007, a zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, an rarraba ma'aikatu zuwa wasu garuruwan jihar, sai cunkoson ya ɗan lafa, har masu gidajen haya suka koka. Da Alhaji Sule Lamido ya hau a 2007 ya dawo da ma'aikatu Dutse, aka gina sabuwar sakateriya da tituna da gidaje, aka matsa wa ma'aikata su zauna a inda suke aiki. A 2011 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse, a 2014 aka buɗe filin jirgin sama. Wannan karon mutane da iyalansu suka taho. Ƙidayar 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Dutse mutum kimanin dubu 250, wannan kuwa kafin babbar cikar ke nan. Ɗaliban jami'a da na kwalejin kimiyya da fasaha da ke hanyar Kiyawa su ma suka shigo neman ɗakuna. Cikin 'yan shekaru Yalwawa da Fagoji da Danmasara da Zai da sauransu suka miƙe har suna neman haɗewa, wanda ya yi shekara biyar bai zo gida ba sai ya nemi ɗan jagora.

Inda Makaranta Ta Tsaya

Yanzu sai mu dubi abin da ya sami makaranta a cikin wannan bunƙasa. Ta sama, alhamdu lillahi, an ci gaba. Yaron Yalwawa yana iya yin firamare har digiri bai bar garinsu ba, abin da mu a zamaninmu ko a mafarki ba mu gani ba. Jihar ta ɗauke wa 'ya'ya mata kuɗin makaranta, iyaye kuma sun waye, ba a ɓoye yaro a rumbu, uwa ce da kanta ke riƙo hannunsa ta kawo shi. Makarantun Islamiyya sun yawaita, matan aure ma suna zuwa na dare. Ta ƙasa ne ciwon yake, wato a firamaren gwamnati, wadda ita ce ta ɗan talaka.

Manufar ilmi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ya riƙe yara 35 a firamare. Kafin in yi ritaya na sha shiga aji in ƙirga yara sun haura ɗari, na gaba gwiwarsu tana taɓa bangon allo, na baya ba sa jin abin da ake faɗa. Malamin da ke gaban irin wannan taro ba koyarwa yake yi ba, tsaro yake yi kada a ji wa wani ciwo. Ba zai iya duba littafin kowa ba, ba zai san wanda ya iya da wanda bai iya ba, sai yaro ya kai aji shida bai iya haɗa baƙi da wasali ba, a taru a ce malamai sun lalace. Akwai malaman da suka lalace, ban musa ba. An rufe kwalejojin horon malamai irin wadda ta yi mu, aka ce sai mai takardar NCE, aka sami masu takarda da yawa waɗanda ba a taɓa tsayawa a kansu an koya musu riƙon aji ba. Amma ko Ɗan Hausa aka tasa daga kabari aka ba shi yara ɗari da ashirin a ɗaki ɗaya, sai ya ajiye alli.

Mutane sukan ce to gwamnati ta ƙara azuzuwa mana. A nan ne tarihin da na faro da shi yake da amfani. Shirin UBE da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, aka yi masa doka a 2004, ya tanadi kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin ilmin tushe, jiha ta kawo nata kason a haɗa a yi gini. Wannan kuɗi na gini ne da kayan aiki. Hukuma takan tambayi al'umma, ina filinku? Unguwar da ta nuna fili ita ake gina wa. Wadda ba ta da shi sai a ƙara cusa wani gini a cikin tsohuwar makaranta, a cinye filin wasa, a cinye wurin taron safe, har a wayi gari yara ba su da inda za su yi gudu.

Na ga yadda fili ke tafiya da idona. A wata makaranta da na riƙe, wadda ba zan ambaci sunanta ba, dattijon da ya ba da wurin ya rasu, waɗanda suka shaida su ma suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Da ƙasa ta yi daraja sai magada suka zo suka ce mahaifinsu aron wurin ya bayar, kuma iyakar abin da ya ara shi ne inda azuzuwa suke. Muka duba ofis, muka duba hedikwata, babu ko ƙyallen takarda. Muka dawo hutun ƙarshen shekara muka tarar an zuba harsashin gini a inda ragar ƙwallo take. Aka yi zaman sulhu, aka ba mu haƙuri, aka ce a bar wa Allah. Yau shaguna ne a wurin, yaran makarantar kuwa a kan titi suke tsayawa in an tashi tara.

Masu hali sun sami mafita, sun kwashe 'ya'yansu zuwa makarantun kuɗi, waɗanda da yawansu gidajen haya ne aka mayar azuzuwa, ɗakin kwana ya zama aji uku. Ban hana kowa neman abin da ya fi wa ɗansa ba. Abin da na lura da shi kawai shi ne, tun da 'ya'yan manya suka bar firamaren gwamnati, bakin da ke yi mata magana ya mutu. A da ɗan hakimi da ɗan mai unguwa da ɗan maƙeri benci ɗaya suke zama, in rufi ya yaye kafin sati an gyara. Yanzu kwamitin kula da makaranta yakan kira taro, waɗanda za su zo su ne waɗanda ba su da lambar wayar kowa.

Abin Da Ke Hannunmu

Ya ku 'yan uwa mazauna birane, na san kuna ƙoƙari. Kowace shekara ana aiko da kuɗin littattafai da kayan makaranta, ana biya wa marayu kuɗin jarrabawa, ana raba hatsi da azumi. Allah ya saka da alheri. Amma littafi shekara guda yake yi ya yage, fili kuwa in ya tafi ya tafi ke nan, kuma kullum gari ya waye tsadarsa ƙaruwa take yi. Da yawanku kun sayi fuloti a gida kun kewaye kun ajiye domin ranar ritaya. Yaran da za su tashi a gidajen da za ku gina a kansu, a ina za su yi karatu?

Shawarata ga babban taron bana guda biyu ce, kuma na riga na miƙa ta a rubuce ga sakatare. Ta farko, a kafa ƙaramin kwamiti, a sa 'ya'yanmu lauyoyi da masu aikin safiyo a ciki, su bi duk makarantar gwamnati da yaran Yalwawa ke zuwa, su tambayi hedimasta ko akwai takardar fili. Inda babu, a tara dattawan da suka rage da masu unguwanni da magadan waɗanda suka bayar, a auna a gabansu, a kafa duwatsun iyaka, a bi takardar har ma'aikatar ƙasa ta fito da sunan makarantar, a ajiye kwafi a fada da ofishin ilmi na ƙaramar hukuma da wajen ƙungiya. Wannan aiki ba ya cin kuɗi mai yawa, zirga-zirga yake ci, kuma dattawan da za su iya nuna iyaka ba su da yawa yanzu.

Ta biyu ta fi nauyi. A buɗe asusu na musamman, dabam da na tallafin shekara, domin sayen fili a gefen da unguwa ke miƙewa, tun gonakin can ba su shiga hannun dillalai ba. Kada ya gaza abin da zai ɗauki azuzuwa goma sha biyu da ofis da makewayi da rijiyar burtsatse da filin wasa. A yi shi waƙafi da sunan makaranta, a rubuta cewa ba a sayarwa, ba a musanyawa, ba a yanka wa kowa ko taku ɗaya, sannan a ɗauki takardar a kai wa hukumar ilmin bai ɗaya ta jiha a nemi gini. Wanda yake da fuloti biyu a jere a wancan gefe, yana iya ba da ɗaya a haɗa da na maƙwabcinsa, a rage abin da za a saya. Ma'aji ya ce zai kawo farashin gonakin da aka duba ranar taro, washegarin Babbar Salla, bayan an sauko daga gaisuwar Sarki a Garu.